Akushina Ya Dawo Cike

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya saukar da cuta ya saukar da maganinta, ko da yake mu ba mu riski namu ba. Sunana Rabi, 'yar Danchadi, an kawo ni aure Bodinga gidan Malam Ummaru dillalin albasa. Na rubuta wannan ne don duk wanda ya ga nasa yana jin yunwa amma yana tsoron abinci, ya tashi ya nemi asibiti tun kafin a fara neman wanda za a laƙa wa laifi. A gidanmu an samu mai laifi da wuri, ni ce, kuma har yau ban wanku ba.

Malam ya girme ni nesa ba kusa ba. Mutum ne mai sanyin hali, mai cin tuwo, sigari kuma ba ya barin yatsunsa tun yana saurayi. Allah ya ba mu 'ya'ya biyu, Dije da ƙanenta Sanusi. Ba ya sayen ko tunkiya sai ya tambaye ni, har danginsa suna kiransa mijin-ta-ce a bayan idonsa. Ni kuwa abin da nake taƙama da shi girki ne. Ina dama furar sayarwa a cikin gida, ranar kasuwar Bodinga kafin azahar ƙwaryata ta ƙare.

Ciwon ya fara ne da kakar shekarar da aka sake zaɓe, shekarar da damina ta yi gardama gero ya tsaya a tsaye ya bushe. Malam zai ci tuwo lafiya lau, ya wanke hannu, ba a jima ba sai ciwo ya kama shi a saman cibiya. Ya dunƙule a tabarma yana gumi, ba amai ba zawo, sai can ya sake shi kamar ba a yi ba. Muka ce ƙaba ce, aka jiƙa jar kanwa. Muka ce tsutsar ciki ce. Mai kemis ya ce gyambon ciki ne, ya ba mu farin magani a kwalba. Duk a banza. Kafin a gama dashen albasa wandonsa ya fara zamewa, sai ya riƙa naɗe mazagi sau biyu.

Wace mace ce za ta ga mijinta yana ramewa ta naɗe hannu? Na zage damtse. Gero ya yi tsada, amma na sayar da tunkiyata na sayo shinkafa da man shanu, in zauna a gabansa ina cewa, "Malam, ƙara loma guda don Allah." Shi kuma don kada ya ɓata mini rai sai ya ƙara, ciwon ya ƙara.

A unguwarmu magidanta suna ciyayya. Bayan magariba kowa a fito da akushin gidansa ƙofar gida, a haɗu a ci tare. A can Malam yakan taɓa loma ɗaya biyu ya tsame hannu, ya zauna ana hira ba abin da ya same shi. In ya shigo ciki na tsare shi da nawa, sai a jiyo nishinsa ta kan katanga. Mutane suna da ido, suna kuma da baki. Suka haɗa nasu lissafin: a waje lafiya, a ɗakin Rabi ciwo.

Labari ya kai Shagari, inda yayarsa Ige take aure. Ita ta goye shi bayan mahaifiyarsu ta rasu, don haka a wurinsa uwa ce, ko ido ba ya iya haɗawa da ita. Ta sauka a mota ranar kasuwa, ta shigo ko ruwa ba ta karɓa ba. Ta dube shi, ta dube ni.

"Rabi, mi kib ba ƙanena?"

"Tuwo, Yaya. Wanda maƙwabta ka ci kullum ƙohwar gida."

"Abin da anka yi da sunan mutum ba shi kama wani. Mallakar da kiy yi mai ba ta ishe ki ba, sai kin ga bayanshi?"

Na juya ga Malam ina jiran ya yi magana. Ya sunkuyar da kai yana tsintar zare a bakin rigarsa. Ba a yi mako ba akushina ya dawo daga ciyayya cike, miyar ta daskare a kai, ko sawun yatsa babu. Na zauna na dube shi na daɗe. Mutanen nan sun yi shekaru suna lashe shi har sai an ga gindi. Ranar kasuwar da ta biyo na dama fura ta yi tsami a ƙwarya, na ba awaki.

Yaya Ige ta ɗauke shi zuwa Shagari. Lokacin sojoji sun riga sun karɓi mulki, garin ya yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke. Mijinta yana cikin masu bin 'yan siyasa yana samun 'yan kwangiloli, sai ga shi rana ɗaya an rufe famfo. Gidan da ake yanka kaji ya koma kunu tsululu safe da yamma. Kunun nan Malam yake kurɓa kaɗan-kaɗan a ludayi, sai ciwo ya lafa. Faɗuwa ta zo daidai da zama. Yaya Ige ta aika ko'ina cewa tun da aka raba shi da hannun Rabi ya samu sauƙi. Talaucin gidanta ne ya zama shaidarta a kaina.

Suka kawo wani mai magani ya ba shi na amai don a fitar da sammu. Ya yi ta amai har ya fara ganin duhu, suka ce sun ga gashi a ciki. Da na je duba shi aka shimfiɗa mini tabarma a tsakar gida, aka karɓi ƙullin da na zo da shi aka ajiye can bayan rumbu. Da ɗakin da yake kwance ya yi shiru na leƙa. Ya zama ƙashi da rai. Ya kamo hannuna ya ce a hankali, "Na san ba ke ta ba, Rabi."

Na ce, "To hwaɗi musu."

Ya ce, "Bari in ji sauƙi."

Wansa Alhaji Modi, mai shagon yadi a kasuwar Bodinga, shi ya ga abin ya wuce wasa ya ce a tafi asibiti Sakkwato. A nan aka tuna da ni. Jinyar asibiti tana son mai wanki da mai ɗaukar fo da mai kwana a siminti, Yaya Ige kuwa ta ce ƙafarta tana ciwo. Hannun da ake tsoron tuwonsa ba a ji tsoron ya kwashe kashi ba. Sharaɗi ɗaya aka kafa mini, kada in ba shi ko ruwa. Alhaji ne zai sayo abinci a bakin titi. Na bar yara wurin matar Alhaji na bi su.

Asibiti a wancan lokaci sai wanda ya gani. Layin kati ya fi layin sayen madara da sabulu tsawo, magani kuwa sai a rubuta maka a takarda a ce ka nemo a gari. Aka ba Malam wani farin ruwa mai kauri kamar an dama alli ya sha, aka ɗauki hoton cikinsa, aka ce ba a ga gyambo ba. Alhaji ya dube ni ta gefen ido. In asibiti ba ta ga komai ba, ai maganar Yaya Ige ta tabbata ke nan. Muka yi makonni muna zarya, har azumi ya kama. Da azumi Malam yakan wuni lafiya, sai an sha ruwa ciwo ya taso.

Allah ya haɗa mu da wani matashin likita, Allah ya saka masa da alheri duk inda yake. Shi kaɗai ya zauna ya tambayi yadda ciwon yake zuwa, kuma ni ya tambaya. Da na ce in ya ci da yawa ya fi tsanani, in ya kurɓi kaɗan da sauƙi, sai ya ɗora abin sauraronsa a saman cibiyar Malam, ba a ƙirji ba. Ya daɗe yana ji. Ya ce yana jin huci kamar iska tana bi ta tsagin ƙofa, kuma yana zaton matsalar ba ta cikin tumbi ba ce, ta hanyar jini ce. Hoton da zai nuna wannan ba a yin sa a nan. Ya tura mu wani asibitin koyarwa a wata jiha, tafiyar wuni guda a mota.

Aka sayar da albasar da Malam ya ajiye a rudu, rumbun albasa, tun ba ta yi kuɗi ba, na haɗa da kwanukan jerena, Alhaji ya cika. Ba zan ci haƙƙinsa ba, ya yi ɗawainiya, ya rufe shagonsa ya bi mu. A can ma muka tarar fim ɗin hoto ya yanke, muka zauna jira a baranda tare da mutanen garuruwan da ban taɓa jin sunansu ba. Wata Bayarabiya mai jinyar ɗanta takan raba shinkafarta biyu ta miƙo mini, in na dafa nawa ta sa hannu ta ci. Ranar da ta fara ci sai da na juya baya na share hawaye.

Da fim ya zo aka hana Malam ci tun dare, aka aske masa matsematsi, aka shiga da shi. Daga baya ya ce mini sun huda jijiya a nan, suka zura wata siririyar roba ta bi hanyar jini ta hau sama, suka ɗura wani ruwa da yake fitowa a hoto. Ya ce ya ji zafi ya gauraye cikinsa kamar an kwara masa ruwan ɗumi. Aka fito da shi aka danne wurin da jakar yashi, aka ce kada ya motsa ƙafar sai yamma.

Washegari babban likita ya kira mu, ni da Alhaji. Dattijo ne mai furfura, Hausarsa irin ta gabas. Ya maƙala hotuna biyu a jikin wani allo mai fitila. Na ga wani farin abu ya miƙe daga sama zuwa ƙasa, kaurin rake, da rassa. Ya tambaye ni ko ana lambu a garinmu. Na ce a fadama aka haife ni.

Ya ce, "To kin san babbar hanyar ruwa da ƙananan da suke shiga fangali. Wannan ita ce babbar jijiyar jini. Daga zuciya take saukowa, ta bi ta gaban ƙashin baya, in ta kai wajen cibiya ta rabu biyu, kowace ta nufi ƙafa ɗaya. Waɗannan biyun na dama da hagu na ƙoda ne, nasa lafiyarsu ƙalau." Ya koma hoto na biyu, wanda aka ɗauka ta gefe. "Uku kuma ta gaba suke fita. Ta sama tana kai jini tumbi da hanta da saifa. Ta biyu, dab da ita, ita ke ciyar da mafi yawan hanji. Ta ƙasa ƙarama ce, ta ƙarshen babban hanji."

Ya ɗora bakin biro a kan hoton. Ta sama ta tsuke kamar zare. Ta biyu ta fito kaɗan ta ɓace. Ta ƙasan nan ƙarama ita ta kumbura ta murɗe ta hau sama, tana yin aikin da ba nata ba. Ya ce hanji in ba kome a cikinsa ɗan jinin nan yana isarsa, in aka cika shi sai ya nemi ƙari ya rasa, shi ne ciwon.

Alhaji ya gyara zama. "Likita, ranka shi daɗe, abin da anka zuba ma mutum cikin abinci yana iya yin hakanga?"

"A'a, Alhaji. Wannan shekara da shekaru yana taruwa a bangon jijiya, kamar laka a hanyar ruwa. Taba ce da shekaru. Ba wanda ya ba shi kome."

Na ji kamar an sauke mini buhun gero daga ka. Ko da ya ci gaba da cewa maganin sai tiyata, a ɗinka wata jijiyar roba ta tsallake wurin, kuma robar daga waje ake kawo ta, yanzu ba a shigo da kome, mai yin aikin ma ya bar ƙasar, ni dai kunnena yana kan "ba wanda ya ba shi kome". Allah ya yafe mini, ana faɗa mini mijina ba shi da magani ina jin sanyi a zuciya. Likita ya ce mu koma gida a jira, ya bar taba, ya riƙa cin abu mai ruwa-ruwa kaɗan-kaɗan sau da yawa. Ya ɗaga yatsa ya ce, "Kada ya kuskura ya cika cikinsa, ko sau ɗaya." Hoton kuwa suka mayar cikin kayansu, ba a ba mutum. Shaidata tana kunnen Alhaji.

A mota Alhaji ya juyo ya ce, "Rabi, mun ɗauki alhakinki. In mun isa gida ni da kaina za ni hwaɗa musu." Har ya saya mini rake a hanya.

Muka iso Bodinga aka cika gida da 'yan sannu da zuwa, Yaya Ige a gaba. Aka tambayi Alhaji abin da likitoci suka gani. Ina bakin ƙofa ina riƙe da buta. Ya ce, "Sun ce jijiya ta tac cushe. Abin da yac cushe ta kau, Allah shi as sani." Yaya Ige ta tafa hannu ta ce, "Ba nic ce ba?" Na ajiye butar. Na buɗe baki na faɗi abin da likita ya ce, aka dube ni yadda ake duban ɓarawo in yana rantsuwa.

Da na tare Alhaji a zaure ya ce Ige ta riga ta kai maganar ko'ina, har wurin surukanta, in ya ƙaryata ta yanzu da wane ido za ta zauna a Shagari? Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Na ce to ni fa? Ya ce in yi haƙuri, magana iska ce, za ta wuce. Ana cewa ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. Ni dai ta huda ni.

Malam ya ƙi komawa Shagari, wannan kam ya yi. Na riƙa ba shi kunu da romo a ɗan ludayi, ya bar taba, har ya fara zama a zaure. Amma maganar nan guda ya kasa. Ana gobe Babbar Salla na durƙusa a gabansa na ce, "Malam, gobe dut danginka suna nan. Kai ad da ciwo, kai za su ji. Ba don ni ba, don Dije da Sanusi, kada su tashi ana ce musu ɗiyan mai sammu." Ya ce to, ya yi alkawari.

Ranar Salla bayan an yanka ragon Alhaji aka taru a tsakar gidanmu. Na tuƙa tuwon shinkafa don yara, don na san ba baƙon da zai taɓa. Malam ya fito ya zauna a kujera, ya yi gyaran murya, kowa ya juyo gare shi. Ya ɗaga kai suka haɗa ido da Yaya Ige. Sai ya ce, "Rabi, zubo min tuwo. Ki cika kwano."

Na matsa kusa na ce, "Malam, likita ya hana."

Yaya Ige ta ce, "Kun jiya? Ita kanta ta san abin da ac ciki."

Na dubi Alhaji. Yana can yana gyara bakin hularsa. In na hana, na amsa laifi. In na zuba, na san abin da hoton nan ya nuna mini. Malam ya sake cewa, da ƙarfi wannan karon, "Nic ce ki zubo." Na zuba. Ya sa hannu ya ci, loma bayan loma, gumi yana tsattsafo masa, yana kallonsu ɗaya bayan ɗaya. Ya cinye ya lashe yatsu ya ce, "Alhamdu lillahi. Ga shi na ci tuwon matata." A ganinsa ya yi magana ke nan.

Kafin la'asar ciwon ya taso, kuma wannan karon bai sake shi ba. Ciki ya kumbura ya yi tauri. Aka samo mota muka nufi Sakkwato, kansa a cinyata. A hanya ya buɗe ido ya ce, "Na wanke ki ko, Rabi?" Na share masa gumin goshi da bakin mayafina. A asibiti suka ce hanjin ya riga ya mutu. Washegari da hantsi shi ma ya bi. Allah ya jiƙansa, ya kai haske kabarinsa. Na so shi, ina kuma jin haushinsa har gobe. Kalma ɗaya na roƙe shi, ya ga ya fi masa sauƙi ya ba da ransa.

Ba sai na faɗi abin da gari ya ce ba. Dangi cike da tsakar gida sun ga mutum ya ci tuwon matarsa ya mutu. Na yi takaba ba mai shiga ɗakina sai innata da ta zo daga Danchadi. Alhaji yana zaune a zaure yana karɓar gaisuwa, ana faɗar maganar a gabansa, yana jan carbi. Da na fita takaba aka ce yara na gidan ubansu ne, za su zauna wurin Alhaji. Na roƙa a bar mini Sanusi ko na shekara guda, Yaya Ige ta ce ɗaya da aka rasa ya isa.

Ina gode wa likitocin nan biyu, da Bayarabiyar da ban ma riƙe sunanta ba, da innata. Ga wanda ya karanta wannan kuma: in ciwon ciki yana bin bayan cin abinci, mutum yana ramewa, an duba tumbi ba a ga kome ba, a ce wa likita ya duba hanyar jini. Kada a matsa masa da loma. In za a shiga wurin likita kuma, matar ta shiga da nata ɗan'uwan, kada ta dogara da kunnen dangin miji.

Bayan na koma Danchadi na daɗe ban samu an bar ni na ga yaran ba. Da aka yarda, na kwana biyu ina shiri, na yi dambun shinkafa da zogale irin wanda Dije take so, na ƙulle a kwano na hau mota. Sanusi ya ɓuya bayan matar Alhaji. Dije ta zo ta durƙusa ta gaishe ni kamar baƙuwa, ta yi tsawo, an yi mata kitso ba irin nawa ba. Na buɗe kwanon na tura gabanta. Ta dubi dambun, na ga ta haɗiyi yawu, sai ta mayar da hannuwanta baya.

Ta ce, "Inna, ki hwara ci."

Na ɗebo na kai baki. Na tauna na haɗiye. Na sake tura mata kwanon. Ba ta taɓa ba. Ta zauna ta zuba mini ido, tana jira ta ga abin da zai same ni.